Maƙwabta sun ce oba-obarmu na danne musu magana, mu kuwa ba ma jin kowa a layin

Oga_Lawan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san kan oba-oba. Ni ke kula da masu gadi a wata ma'ajiyar kaya a Sharaɗa. Baofeng 888S muke riƙewa, ƙaramar nan mai layi 16. Shekaranjiya shugaban masu gadin kamfanin da ke bayanmu ya zo har bakin get ransa a ɓace, wai yarana na danne musu magana, suna tsakiyar kira sai maganar ta yanke ko ta koma ƙugi. Har yake ce min ladabin rediyo shi ne ka saurara kafin ka danna. To ai muna saurarawa. Ni da kaina na zauna da rediyon a hannu tun bayan isha'i har dare ya raba, ban ji muryar kowa ba sai ta yarana. Wanda ya sayar mana kuma ya ce ya sa mana lambar sirri, layin namu ne mu kaɗai. Ta yaya za mu danne mutumin da ba ma ji? Ko dai nasu ne ya lalace suke neman wanda za su ɗora wa?

Dan_Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Oga rabu da su. In ba ka jin su ai ba layinku ɗaya ba. Su kai nasu gyara.

Injiniya_Kabir:
Malam Dan_Gwammaja, ba haka abin yake ba, kuma ina ganin maƙwabcin nan gaskiya ya faɗa.

Oga Lawan, abin da mai shagon ya kira lambar sirri, sunansa CTCSS, ko kuma DCS in ta lambobi ce. Wani siririn amo ne ƙasa-ƙasa, tsakanin haz 67 zuwa 254, da rediyonka ke haɗawa da muryarka duk lokacin da ka danna. Ba ka jin sa don rediyon yana tace shi kafin ya kai sifika. Aikinsa ɗaya ne tak: rediyon yaronka ba zai buɗe sifika ba sai ya ji wannan amon. In wani ya yi magana a kan mitar, wato zangon da layinku ke kai, ba tare da amonku ba, rediyon zai kama siginar sarai, amma zai yi gum. Ke nan lambar ba ta raba ku da kowa ba. Mita ɗaya kuke kai da su, kun dai daina jin su ne. Kamar mutum ne ya cusa auduga a kunne ya shiga zaure cike da jama'a, ya ce ai babu mai magana, ya ɗaga murya.

Ita kuma 888S, yawancin waɗanda ake kawowa kasuwa da layuka 16 iri ɗaya suke fitowa daga masana'anta. Masu shago da yawa ba sa taɓa mitar, lambar kawai suke canzawa su miƙa maka. Shi ya sa a unguwar masana'antu za ka tarar da otal da makaranta da gidan mai duk a cunkushe a layi na 1 da na 2, kowa na zaton shi kaɗai ne.

Oga_Lawan:
Injiniya na gode. To in haka ne, ta yaya zan san ana magana a layin tunda rediyon ya yi gum?

Injiniya_Kabir:
Hanya biyu. A gefen rediyon, ƙarƙashin babban maɓallin magana, akwai ƙananan maɓallai guda biyu, ɗaya na tocila, ɗaya na sauraro. A UV-5R ma, wani samfurin na Baofeng, an rubuta MONI a jikinsa. Danna na sauraron ka riƙe. Zai buɗe maka layin gaba ɗaya ba ruwansa da lamba. In ƙarar shuuu kawai ka ji, babu kowa, sai ka saki ka yi maganarka. In ka ji murya, ka jira su gama.

Ta biyu, dubi 'yar fitilar da ke saman rediyon. Ja ita ce kai ke aikawa. In ta kawo kore alhali sifika shiru, to wani ne ke magana a mitarku da wata lambar. Ka tambayi yaranka, na tabbata sun sha ganin koren nan yana kawowa cikin dare suna cewa rediyo ne ke shirme.

Hafsat_Walima:
Wallahi koren nan! Mu masu shirya taron biki muna fama da shi a dakunan taro, musamman ranar Asabar in akwai biki biyu a harabar wuri ɗaya. Yaranmu har cire batir suke su mayar wai ya sangarce. Ashe mutane ne.

Tsohon_Saje:
Kuma ka lura da abu ɗaya Lawan. Ta yaya shi maƙwabcin ya san ku ne? In shi ma lamba gare shi, ba zai ji muryarku haka kawai ba. Ya danna maɓallin sauraron ne ya ji ku kuna kiran sunan get ɗinku. Mutumin ya san aikinsa. Ka je ka same shi da girmamawa.

A zamaninmu abu na farko da ake koya wa mai riƙe rediyo ke nan, tun kafin a koya masa haruffan Alfa da Burabo. Ka saurara. Ka shirya abin da za ka faɗa a ranka. Ka danna, ka ɗan dakata, ka faɗa a taƙaice, ka saki. Wanda ya danna sannan ya fara "am, to, wato" ya tare wa kowa hanya.

Dan_Gwammaja:
Na ji bayanin Injiniya, amma ni abin da ban gane ba, in mutum biyu sun yi magana tare ai sai a ji su duka biyun, kamar yadda ake ji a waya in an haɗa kira. Me ya sa za a ce an danne?

Injiniya_Kabir:
Saboda waɗannan rediyoyin FM ne. Ɗabi'ar FM ita ce in sigina biyu suka zo a mita ɗaya, mai ƙarfin takan kama rediyon gaba ɗaya, mai raunin ta ɓace kamar ba a yi ta ba. In ƙarfinsu ya yi kusa da juna sai a ji ƙugi da karkarwa, ba a fahimtar ko ɗaya. A wajen maƙwabcin Oga Lawan abin ya fi muni: in siginar yaran Oga ce ta fi kusa da mai sauraronsu, ita za ta kama rediyon, kuma da yake lambarta ba tasu ba ce, sifikar za ta rufe ɗif. Shi ne yankewar da yake kuka da ita.

Sannan kada a manta, lokacin da kake danne da maɓalli rediyonka ba ya karɓa sam. Ba ka da hanyar sanin cewa ka hau kan wani. Za ka gama bayaninka tsaf ka saki, kana zaton an ji.

Mai_Sintiri_Tsafe:
Ni maganar "sirri" ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Lokacin da anka rufe layukan waya a Zamfara cikin watan Satumba na 2021, oba-oba ce ta zama wayarmu tsakanin ƙauyuka. Da yawa cikinmu sun ɗauka tunda an sa lamba babu mai ji, suna faɗin inda za a kwana da hanyar da za a bi. Jama'a duk wanda ke da irin rediyon, in bai sa lamba ba ko ya riƙe maɓallin sauraro, yana jin ku tas. A harkar da rai ke ciki kada a faɗi wuri da lokaci da suna a fili.

Abdou_Maradi:
Gaskiya ne ɗan'uwa. Nan wajenmu ma haka masu gardin kasuwa ke yi, su sayo guda huɗu a kwali su kunna kawai. Amma ni tambayata, shin doka ma ta yarda mutum ya hau kowace mita? Nan Nijar ARCEP ke kula da wannan, kuma na san kamfanoni na biyan kuɗi a ba su tasu.

Injiniya_Kabir:
Malam Abdou, a Najeriya ma mita ba ta kowa da kowa ba ce, da lasisi ake hawa. Kamfanin da ke da masu gadi da yawa kamata ya yi ya nemi tasa a rubuce, a saita masa rediyoyin a kanta. Amma ko mai lasisi bai tsira daga sauraro ba, don shi ma yaransa goma ne ko ashirin a layi ɗaya, kuma su ma suna hawa kan juna.

Baba_Rabe:
Ni dai duk wannan wahalar, me ya hana ku waya? Kowane mai gadi yana da waya a aljihu.

Tsohon_Saje:
Baba Rabe, waya mutum ɗaya take kira, sai ka nemo lamba, sai ta shiga, sai ya ɗauka. Oba-oba dannawa ɗaya mutum goma sun ji. Ranar da ɓarawo ya haura katanga za ka san bambancin. Amma wannan amfanin nata shi ne kuma rauninta, tunda baki ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda.

Sadiq_Hasumiya:
Bari in kawo ta ɓangaren jiragen sama, don a nan ne aka fi ɗaukar maganar da zafi. Rediyon jirgi AM ne, tsakanin megahaz 118 zuwa 137. A AM in biyu suka danna tare ba ɗaya ke ɓacewa shiru ba, wani kuwwa ne mai kaifi kamar fito ke tashi a kunnen mai sauraro. Ko banza an san an yi karo, sai wani ya ce an toshe, a maimaita.

Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suna kan titin tashi ɗaya cikin hazo, na KLM da na Pan Am. Na KLM ya juyo ya fara gudu. Mai hasumiya ya ce masa to, sannan ya ƙara da cewa ya dakata zai kira shi. Daidai wannan lokacin matuƙan Pan Am suka danna suna cewa su fa har yanzu suna kan titin. Saƙonnin biyu suka yi karo. Abin da ya fita sarai a kunnen matuƙan KLM shi ne "to" ɗin farko, sauran sai kuwwa. Kowanne daga cikin saƙonnin nan biyu, da ya isa shi kaɗai, ya ishe su su taka birki. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rai ba.

Hafsat_Walima:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum 583.

Kyaftin_Bello:
Sadiq, labarin haka yake, amma kada mu ɗora wa rediyo duka laifin. Binciken ya nuna babban dalili shi ne kyaftin ɗin KLM ya fara tashi ba a ba shi izinin tashi ba. Ga hazo, ga filin ya cika da jiragen da aka karkato saboda bam ɗin da ya tashi a filin Gran Canaria, ga babu na'urar da ke nuna wa hasumiya jiragen da ke ƙasa. Sannan hasumiya da Pan Am kusan tare suka danna. Ko da kowannensu ya saurara, shiru zai ji, don ɗayan bai fara ba tukuna. Sauraro yana rage karo, ba ya kawar da shi. Shi ya sa a aikinmu ba a tsaya nan ba, duk umarnin da aka ba ka sai ka maimaita shi da bakinka, mai hasumiya ya ji ko ka ɗauka daidai. In ka ba da saƙo ba a amsa ba, ka ɗauka bai isa ba.

Sadiq_Hasumiya:
Na yarda ranka ya daɗe, ban ce shi kaɗai ne sanadi ba. Abin da nake so masu gadi su ɗauka shi ne saƙon da aka danne, mai aika shi bai san an danne ba.

Oga_Lawan:
Wannan maganar ta maimaitawa ta shige ni. Mu sai dai a ce "an ji", wani lokacin ma ba a cewa komai.

Umar_Onne:
Ni a kwale-kwalen kai kaya nake aiki a Onne. A ruwa layi na 16 ne, megahaz 156.8, kowane jirgi kunnensa na kai. Na kira ne da neman agaji. Ka saurara, ka kira wanda kake nema, ya amsa, ku koma wani layin ku yi maganarku. Ba a zama a kai. Wani tsohon ma'aikacin rediyo da na yi aiki da shi ya nuna mini agogon ɗakin rediyo irin na da, an shafa masa ja a wuri biyu, kore a wuri biyu. Daga minti 15 zuwa 18 da kuma 45 zuwa 48 na kowace awa, duk masu buga Mos, wato saƙon da ake aikawa da gajeru da dogayen ƙara, a kilohaz 500 sai su tsaya cik. A kilohaz 2182 na murya kuma minti uku na farkon awa da minti uku bayan rabi. Ba don komai ba sai don in akwai wani jirgi can nesa da ke nutsewa, siginarsa ta yi rauni, a samu a ji shi. Ku duba fa, jiragen teku kaf su yi shiru saboda mutumin da ba a ma san ko akwai shi ba. Da aka koma tsarin tauraron ɗan'adam a 1999 aka daina dogaro da wannan, amma ni har yanzu abin yana burge ni.

Dan_Gwammaja:
To duk na ji. Amma a ce ɓarayi sun shigo, yaro ya tsaya danna maɓallin sauraro yana jiran maƙwabta su gama hirar ƙwallo? Haba. Ni in gaggawa ce dannawa zan yi kawai.

Tsohon_Saje:
Ba wanda ya ce ka jira a gama hira. Amma in ka danna a tsakiyar maganar wanda ya fi ka ƙarfi, ihunka bai je ko'ina ba, kamar yadda Injiniya ya yi bayani. Ka jira ya saki, daƙiƙa kaɗan ne, ka faɗa cikin tazarar: gaggawa, gaggawa, get na baya. Shi ya sa ake hana dogon zance, kuma ake cewa in an gama maka magana kada ka amsa nan take, ka bar ɗan sarari ko akwai mai son shigowa. Wurin da ake bin wannan, mai gaggawa ba ya daɗewa yana jira. Wurin da ake hirar ƙwallo a rediyon aiki kuwa, matsalarsu ta wuce ta maɓalli.

Injiniya_Kabir:
Akwai kuma saitin da ke yi maka sauraron da kansa, BCL. In an kunna shi, rediyon ba zai yarda ya aika ba muddin yana jin sigina a layin, sai dai ya yi maka ƙara. A UV-5R yana lamba 23 a jerin saiti. A 888S sai da kebul da kwamfuta, manhajar CHIRP tana yi. Ni ina kunna wa otal-otal da makarantu. Haka kuma a saita TOT, lamba 9 a UV-5R, ya riƙa yanke aikawa bayan minti ɗaya ko ƙasa da haka. Mai gadi yakan zauna a kan rediyo ko ya jingina da shi, maɓalli ya dannu, layi ya mutu gaba ɗaya shi bai sani ba. A kashe VOX ma, wato saitin da ke sa rediyo ya aika da kansa in ya ji sauti, in ba haka ba ƙarar janareta kaɗai ta isa ta sa rediyon ya riƙa aikawa.

Mai_Sintiri_Tsafe:
Injiniya a nan kam ban bi ka ba. Ni ba zan riƙe rediyon da zai ƙi ni ranar da nake neman shi ba. Ko maganata ba ta fita duka ba, in an ji ƙugi an san wani na ƙoƙarin shigowa, sai a yi shiru. BCL ɗin nan in wani ya zauna kan nashi maɓallin kamar yadda ka ce, mu duka mun zama bebaye ke nan har sai ya tashi.

Injiniya_Kabir:
Maganarka tana kan hanya, shi ya sa na ce otal da makaranta. Kuma akwai wani abin: inbata da wasu fitilun LED masu arha suna fitar da hayaniyar da rediyo ke ɗauka kamar sigina. In SQL, wato saitin ƙarfin siginar da rediyo ke jira kafin ya buɗe, ya yi ƙasa, BCL zai ɗauka layi a cike yake ya hana ka magana alhali babu kowa. In kuma ka ɗaga SQL sama sosai, ka daina jin na nesa, ka riƙa hawa kansu. Ga 'yan sintiri a daji ni ma ba zan kunna ba. Amma wanda ya kashe shi, nauyin sauraron ya dawo wuyansa.

Malam_Gajeren_Zango:
Ni rediyon sha'awa nake yi, masu kiran juna ƙasa da ƙasa, namu na Najeriya alamar kiranmu da 5N take farawa, ta Nijar 5U. Mu sauraro kaɗai bai ishe mu ba, sai mun tambaya. Ka saurara tukuna, sannan ka ce shin akwai mai amfani da wannan mitar, ka faɗi alamar kiranka, ka jira, ka sake tambaya. Masu Mos QRL da alamar tambaya suke bugawa. Dalili kuwa, a megahaz 14 sigina sama take tafiya ta dawo ƙasa can nesa, ta tsallake na kusa. Mutum na iya kasancewa a Zariya yana magana da wani a Italiya, ni a Kano ba na jin na Zariya ko kaɗan. Na Italiyan kuma shiru yake don sauraro yake yi. A kunnena mitar fayau take. In na fara kira, a kunnen Ba'italiyen zan sauka, in rufe masa abokin maganarsa. Amma in na tambaya, shi zai ce mini akwai, sai in matsa.

Hafsat_Walima:
Malam wannan ai har a oba-oba yana faruwa. Wadda ke kicin a ƙasan bene da wanda ke wajen ajiye motoci ba sa jin juna, amma ni da ke tsakiya ina jin su duka. Sai su yi ta kirana tare, kowa na cewa na ƙi amsawa.

Injiniya_Kabir:
Shi ne dai Hajiya. Maganinsa ko dai a sa rifita, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta, a saman gini yadda kowa zai ji kowa, ko kuma ke da ke tsakiya ki zama mai raba magana: kicin dakata, mota faɗi. Kowa ya kira ki tukuna, sai kin ce ya faɗa sannan ya kawo bayani.

Garba_Kugiya:
A wajen gini mu ba ma haɗa layin ƙugiyar ɗaga kaya da kowa. Mai ba da hannu da direba su biyu rak. Kuma in ana sauke kaya inda direba ba ya gani, mai ba da hannu ba ya yin shiru, sauke, sauke, sauke yake ta faɗa. Da zarar muryar ta ɗauke direba zai tsaya, ko batir ne ya mutu ko wani ne ya hau layin. Don in ka ce sai an ce tsaya za a tsaya, ranar da aka danne "tsaya" ɗin fa?

Wani abu kuma da Saje ya ambata a sama, a danna a ɗan dakata. Ƙananan rediyoyin nan suna ɗan yin barci don tattalin batir, kafin su farka kalmar farko ta wuce. Ka ce "kada ka buɗe get", na can ya ji "ka buɗe get". A fara da sunan wanda ake kira, in ma wani abu zai yanke sunan ne zai yanke.

Abdou_Maradi:
Su kuma sabbin nan masu SIM a ciki fa? Wani abokina direban tirela yana da ita, daga Maraɗi yana magana da Kwatano.

Sadiq_Hasumiya:
Waɗannan ta intanet suke bi, kamar manhajar Zello. Na'urar kamfanin ce ke ba mutum ɗaya dama, in wani na magana kai ba za ka shiga ba. Babu karo, amma ranar da babu sabis babu rediyo. Ka tambayi Mai_Sintiri abin da zai yi da ita a 2021.

Oga_Lawan:
Jama'a na dawo da bayani. Daren jiya na riƙe ƙaramin maɓallin kamar yadda Injiniya ya ce. Ba maƙwabcin kaɗai ba, har da wasu da ban san ko su waye ba, da alama masu lodin motoci ne, duk a layi na 2 da muke kai. Da safe na je na same shi, muka zauna da rediyoyinmu muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya muna saurare. Mun koma na 11 kafin in kai wa manaja maganar neman mitarmu. Na tara yara na nuna musu koren fitilar da maɓallin, na kuma ce duk saƙon da ya shafi buɗe get ko fitar mota sai an maimaita shi. Saura BCL, na ga kanku ya rabu.

Tsohon_Saje:
Madalla. Amma sauraron safiya bai isa ya nuna maka na 11 babu kowa ba. Akwai waɗanda sai dare suke kunnawa, akwai na ranar kasuwa kawai. Ka sa mai kwantirol, wato wanda ke zaune yana karɓar kiran kowa, ya cire lambar a nasa rediyon ya bar shi a buɗe, ya riƙa jin duk abin da ke wucewa.

Dan_Gwammaja:
Mai kwantirol ɗin zai sha surutu kuwa. Ni dai BCL kada ka kunna Oga, masu gadi ne.

Hafsat_Walima:
Ni kuwa zan kunna a namu, don yaran biki ba sa jin magana, kowa sauri yake. Injiniya, kebul ɗin 888S ɗin iri ɗaya ne da na UV-5R? Muna da duka biyun a haɗe.

Injiniya_Kabir:
Iri ɗaya ne Hajiya, mai baki biyu irin na Kenwood. Kafin ki canza komai ki fara kwafe saitin da ke cikin kowane rediyo ki ajiye a kwamfuta. Naki na hannu kuma ki bar shi ba BCL, tunda ke ce mai raba musu magana.